Yaya aka yi yunwa ta kusa kashe su Roosevelt a tsakiyar kurmin Amazon?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin ƙasa. Na ji labarin wani tsohon shugaban Amurka da ya bi ayarin masu bincike zuwa wani kogi a dajin Amazon wanda aka ce ba a san shi ba, har yunwa da ciwo suka kusa hallaka su. Abu uku ne ya ɗaure mini kai. Ta yaya za a ce ba a san kogi ba alhali akwai mutane a bakinsa? Ta yaya masu bindiga da ƙugiya za su yi yunwa a dajin da ya fi kowane daji yawan halittu? Kuma me ilimi ya ƙaru da shi, har da za a rasa rayuka a kai? Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, amin, da ni da kai. Tafiyar da kake nufi ita ce ta 1913 zuwa 1914, wadda Theodore Roosevelt da Kanar Cândido Rondon na sojan Brazil suka jagoranta a kogin da ake kira Rio da Dúvida a lokacin, wato Kogin Kokwanto. Tambayoyinka uku ne, amma a ganina duk a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato lissafin kwanaki. Awon kogi yana cin kwanaki, duwatsun da ke cikin kogi suna cin kwanaki, kowace rana kuma da rabonta a guzuri. Ni safiyo ne, awon rafuka da koguna shi ne sana'ata, saboda haka ta nan zan ɓullo wa maganar. Abin da ya shafi cuta da dabbobi kuwa zan taɓa shi iya abin da aikin daji ya koya mini, sauran na likitoci ne da masana halittu.

Roosevelt ya mulki Amurka daga 1901 zuwa 1909. Ya sake neman kujerar a 1912 ya sha kaye, sai a 1913 ya karɓi gayyatar yin lacca a wasu ƙasashen Kudancin Amurka. Gidan adana kayan tarihin halittu na birnin New York ya haɗa shi da masana biyu, George Cherrie mai nazarin tsuntsaye da Leo Miller, don su tattaro samfuri a hanya. Shirin farko na bin kogunan da aka riga aka sani ne, waɗanda jirage ke hawa da sauka. Sai da ya isa Brazil ministan harkokin wajen ƙasar, Lauro Müller, ya kawo masa shawarar wannan kogi, shi kuma nan take ya amsa. Ka riƙe wannan, don tun daga nan matsala ta fara: an sayi kaya don wata tafiya, aka yi wata daban da su. Mutumin da ya haɗa guzurin ma, Anthony Fiala, a yankin ƙanƙara na arewacin duniya ya yi nasa yawon bincike, bai san kurmi ba.

Rondon kuwa shi ne mai aikin, ko da yake sunan baƙon ya danne nasa a wajen Brazil. An haife shi a Mato Grosso a 1865, yana da jinin mutanen ƙasar na asali, ya kuma shafe shekaru yana jan wayar tangaraho ta cikin dazuzzukan yammacin Brazil. A cikin wannan aiki ne, a 1909, ya ci karo da wani kogi yana gangarawa arewa daga tudun Parecis. Ya ga kansa, bai ga inda ya dosa ba, shi ya sa ya raɗa masa wancan suna.

Me ake nufi da kogin da ba a sani ba

Gaskiyarka, mutane sun san kogin. A samansa akwai al'ummar da yau ake kira Cinta Larga, sun san kowace kwana da kowane dutse a yankinsu. A can ƙasa akwai masu tatsar roba da suka hauro daga wajen kogin Madeira, suna kiran nasu ɓangaren Castanho. Abin da babu shi ne mutum ɗaya, ko takarda ɗaya, da ta haɗa kan da jelar ta ce ruwa ɗaya ne. Na sama bai san na ƙasa ba, na ƙasa ya tsaya inda duwatsu da tsoron kibiya suka tsayar da shi. A wajen mai taswira, kogi bai zama sananne ba sai an ɗora shi a kan layukan duniya, an ce a daraja kaza ya taso, ya yi tsawo kaza, ya zuba a wuri kaza.

Mu ma an yi irin wannan a kan kogin Kwara. Turawa sun shekara da shekaru suna gardamar inda take zuba, Mungo Park ya mutu a duwatsun Bussa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswira a Sakkwato a 1824, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi ruwan har teku. Duk tsawon wannan lokaci Nufawa da Kakanda da Ijo suna ta tuƙa jiragensu a kai. Kowa da nasa yankin ya sani.

Yadda awo ya cinye kwanaki

Tun kafin su ga ruwan sun jigata. Sun yi makonni suna keta tudu da alfadarai da takarkarai, dabbobin suka riƙa mutuwa saboda rashin ciyawa, aka riƙa zubar da kaya. Jiragen ruwa marasa nauyi da aka taho da su daga Amurka ba su kai bakin kogin ba. Ayarin ya rabu, Miller ya bi wani kogin, Fiala ya bi wani. Ranar 27 ga Fabrairu 1914 mutum 22 suka shiga Kogin Kokwanto a kwale-kwale bakwai na sassaƙen gungume: Roosevelt mai shekara 55, ɗansa Kermit, Cherrie, Rondon, Laftanar Lyra mai awo, likita Cajazeira, da matuƙa kuma 'yan dako 16. Guzurinsu na kwana 50 ne, shi ma ba na ƙoshi ba, an sa rai farauta da kamun kifi za su cike gurbin.

Ga yadda Rondon ya tsara awon, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sandar safiyo zai gane shi. Kermit zai wuce gaba a ƙaramin kwale-kwale, ya nemi wuri a gaɓa da ake hangowa daga baya, ya sauka, ya sare ciyayi, ya kafa sanda mai alama. Daga can baya Lyra zai duba sandar da na'urar auna nisa, Rondon ya ɗauki kusurwa da kamfas ya rubuta. Sai su taho inda sandar take, Kermit ya sake yin gaba. Tsawon kowane awo bai wuce iyakar ganin ido ba, kogin kurmi kuwa murɗe-murɗe ne, da ƙyar ka hangi mita ɗari biyu kafin wata kwanar ta rufe maka. A yinin farko Kermit ya sauka gaɓa kusan sau ɗari, suka ci kilomita tara da 'yan kai. Idan sama ta washe Lyra yana duban rana da taurari don ya gyara kuskuren da ya taru, domin irin wannan awo kowane ƙaramin kuskure yana hawa kan na bayansa.

Na yi irin wannan aiki a rafukan kurmin da ke tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru. Abin da ɗalibi ba ya ganewa daga aji shi ne, karanta na'ura bai fi minti biyu ba. Sauka, da sara, da korar tururuwa, da jiran wanda ke gaba ya sami inda zai dafa ƙafa, su ke cinye yinin. Ga ruwan sama, wanda idan ya sauko ko littafin rubutu ba ka iya buɗewa. Su kuma a tsakiyar damina suka shiga.

Duk da haka awo ba shi ne babban ɓarawon kwanakinsu ba. Kogin daga kan tudu ya taso, zai sauka kwarin Amazon, kuma ruwa ba ya sauka daga tudun dutse a hankali. Yakan yi tafiya lumui, sai ya tarar da dutse mai tauri da bai iya ci ba, ya faɗa ta kansa da ƙarfi. Kwana kaɗan da tashinsu suka iske magangara ta farko, inda kogi mai faɗi ya matse ya bi ta wani tsagin dutse da bai kai mita biyu ba. Daga nan kusan kullum sai sun ji rugugin wata a gaba. A kowace magangara sai an sauke kaya duka, an sare hanya a kurmi, an jera gumagumai a ƙasa, an ja kwale-kwalen da igiya a kansu, sannan a dawo a yi jigilar kaya a ka. Sassaƙen gungume kuwa nauyi gare shi na fitar hankali, ga shi ba ya juyuwa da sauri a ruwa mai gudu. Cikin bakwai ɗin da suka fara da su, biyar sun farfashe ko ruwa ya tafi da su, kuma kowane sabo sai an tsaya an sare itace an yi kwanaki ana sassaƙa.

Roosevelt da kansa ya rubuta lissafin da ya tayar musu da hankali: bayan kwana 18 sun ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abincinsu, alhali kilomita 125 kacal suka yi. Raba ka gani, kusan kilomita bakwai ke nan a rana. Suna da na'urar auna tsayin ƙasa da matsin iska, ita kuma tana gaya musu har yanzu suna can sama, wato akwai sauran magangara da yawa. Komawa baya ba ta taso ba, don ba mai iya hauro da waɗannan jirage ta inda aka sauko da su. Masu magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma sun ƙarasa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba, daɗewar ce kuwa guzurin kwana 50 bai yarda da ita ba.

Yunwa a cikin yalwa

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kurmi rumbu ne cike, amma bakinsa a sama yake kuma baƙo ba shi da tsani. Hasken rana a kan itatuwa yake tsayawa, mita talatin ko arba'in daga ƙasa, can ne furanni da 'ya'ya suke, can ne birai da tsuntsaye suke. Ƙasa duhu ce, babu ciyawar da za ta riƙe garken dabbobi irin na dajinmu na fako, inda maharbi zai hango gada ko gwanki daga nesa. Dabbobin ƙasan kurmi ɗai-ɗai suke yawo, da yawansu sai dare, launinsu ya saje da busasshen ganye, kuma ayarin mutum 22 masu saran itace da kiran juna ya ishe su gargaɗi tun daga nesa.

Yawan nau'in halitta ma da ka ambata, shi kansa yana cikin matsalar. A wasu sassan Amazon hekta ɗaya tana ɗauke da nau'in bishiya fiye da 200. Idan iri ya yi yawa haka, kowane iri sai ya yi ƙaranci, bishiyar da ake cin 'ya'yanta tana iya yin nisa sosai da 'yar'uwarta, kuma kowace da lokacin da take zuba. Ɗan gari ya san inda take da watan da za a je mata. Mai wucewa a kwale-kwale bai sani ba, ba shi kuma da kwana biyun da zai ɓata yana nema. Sun sa rai da ƙwayar babbar bishiyar nan da ake kira gyaɗar Brazil, wadda ke da mai da ƙoshi, sai aka yi rashin sa'a ba ta yi 'ya'yan kirki a yankin ba a wannan shekara. Abin da suka fi samu shi ne farin ɓargon da ke kan wasu itatuwa dangin kwakwa, wanda ke cika ciki amma ba ya ba da ƙarfi, sai ɗan biri nan da can, da zuma idan an dace.

Kifi ma haka. Idan kogi ya cika ya malala cikin kurmi, kifi yakan bar tsakiyar ruwa ya bazu a ƙarƙashin itatuwa yana cin abin da ke faɗowa, mai ƙugiya a bakin kogi sai ya yini bai ji motsi ba. Sai can ƙasa suka fara kama kifi sosai, har da wani ƙaton kifi dangin tarwaɗa da suka farka cikinsa suka tarar da ragowar biri. Ka haɗa wannan da irin aikin da suke yi. Mai jan gungume a kan dutse daga safe zuwa yamma yana bukatar abinci fiye da na mai zaman gida nesa ba kusa ba, su kuma an rage musu rabo. Jikin da ya rame ba ya iya tsayawa gaban zazzaɓin cizon sauro da atuni, ko da ana shan kwinin. Ƙananan ƙudaje masu cizo sun kumbura musu hannu da fuska, gara ta ci tufafinsu cikin dare, ƙafafun 'yan dako suka yi gyambo saboda jiƙa.

Mutum uku ba su dawo ba. Wani matuƙi mai suna Simplício ya nutse a tsakiyar Maris lokacin da kwale-kwalen Kermit ya kife a magangara. A farkon Afrilu wani ɗan dako, Júlio, wanda aka kama yana satar abinci, ya harbe Saje Paixão da ya hukunta shi, ya gudu daji. Bayan kwanaki an gan shi a gaɓa yana roƙo, jiragen suka wuce. Rondon ya dage sai a kamo shi a kai shi gaban shari'a, ya tura mutane nema, ba a same shi ba. Roosevelt kuwa ya yanke a ƙafa yana taya ceto kwale-kwale, ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya hau kai, har ya nemi a bar shi a nan don kada ya jawo wa sauran mutuwa. Kermit ya ƙi. Daga baya likita ya tsaga ƙurjin ba tare da maganin kashe zafi ba. Ya fito da rai, ya zubar da fiye da kilo 20, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Janairun 1919.

Akwai wani dalilin tsirarsu da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Masu dajin sun bar su sun wuce. Ayarin bai taɓa haɗa ido da Cinta Larga ba, amma sun ga sawunsu da bukkokinsu, sun ji muryoyinsu, kuma wata rana aka harbe karen Rondon, Lobo, da kibiya yana ɗan gaban maigidansa. Rondon bai rama ba, ya ajiye kyauta a wurin ya janye. Ƙa'idar da ya ɗora wa mutanensa tun a aikin tangaraho ita ce a mutu idan ta kama, amma kada a kashe. Da ayarin ya buɗe wuta a ranar, da wuya ko mutum ɗaya ya kai ƙarshen kogin, don mai jan jirgi a kan dutse ba shi da hannun kare kansa.

Abin da aka samu

Bayan mutuwar Simplício da ta karen, Roosevelt ya matsa a daina awon tsayawa a kowace kwana, a koma ɗaukar awo jirage suna tafe. Rondon ya yarda ba da son ransa ba. A matsayina na mai awo zuciyata tana wajen Rondon, domin tafiyar da aka sha wannan wuya a cikinta aka dawo da taswirar da ba a dogara da ita, asara ce biyu. Amma lissafin abinci yana wajen Roosevelt, kuma da ni ke riƙe da ayarin, abin da zan yi ke nan, in sassauta awon tsakani in ƙara ƙarfi a duban taurari a wuraren kwana da mahaɗar koguna.

A tsakiyar Afrilu suka fara ganin bukkokin masu tatsar roba, a ƙarshen watan suka iske Laftanar Pyrineus, wanda Rondon ya tura tun farko ya jira su a kogin Aripuanã bisa hasashen can ruwan zai fito. Hasashen ya yi daidai. Aka tabbatar kogin yana haɗuwa da Aripuanã, ita ta zuba a Madeira, Madeira ta zuba a Amazon. Gwamnatin Brazil ta sa masa suna Rio Roosevelt. Wasu masana a Turai sun yi shakkar labarin, Roosevelt ya je Landan a 1914 ya kare shi a gaban ƙungiyar masana ilimin ƙasa, sannan a 1927 George Dyott ya sake bin kogin ya tarar bayanin ya tsaya. Cherrie da Miller sun tara tsuntsaye fiye da 2,500 da dabbobi masu shayarwa kusan 500, sai dai mafi yawa a sauran sassan tafiyar aka same su, don a kan kogin neman tsira ya fi ƙarfin neman samfuri.

Ko hakan ya kai ran mutum uku? Ba zan ce ya kai ba, musamman da yake duka ukun daga cikin 'yan dako ne, waɗanda suka fi kowa wahala kuma ba su bar mana rubutu ko layi ɗaya ba. Duk abin da na faɗa maka daga bakin shugabannin ayarin ya fito, ka karanta shi da wannan a ranka. Taswira kuma ba ta tsaya a hannun masana. Rondon ya kafa hukumar kare mutanen asali a 1910 da kyakkyawar niyya, amma bayan rasuwarsa a 1958 masu neman roba da ma'adinai suka yi wa Cinta Larga kisan gilla a 1963, hukumar da kanta aka rushe ta a 1967 saboda ta'asar da aka bankaɗo a cikinta. Daga baya aka gano lu'ulu'u a ƙasarsu, rikici ya sake tashi, har aka kashe masu haƙa 29 a 2004.

Tun da ɗalibi ne kai, wataƙila gobe a tura ka irin wannan aiki, kada hoton tauraron ɗan adam ya ruɗe ka. Yana nuna babban kogi sarai, amma ƙaramin rafi da itatuwa suka rufe ba ya fitowa, gajimare yakan rufe yankin kurmi wata da watanni, na'urar GPS mai nuna inda mutum yake tana raurawa a ƙarƙashin ganye mai kauri, kuma wasu bayanan tsayin ƙasa da ake saukewa daga intanet kan itatuwa suka auna a maimakon ƙasa. Abin da nake yi kafin in shiga shi ne in duba bambancin tsayi tsakanin inda zan fara da inda zan fita, in raba da nisan, don shi ke gaya mini yawan magangarar da ke jirana. In lissafa guzuri da tafiyar rana mafi muni da nake tsammani. In zaɓi lokacin da ruwa ya fara ja. Sannan in je wajen mai gari tun kafin a sauke kaya, in nemi izini, in ɗauki masunta da maharban wurin a kan lada mai kyau, sunayensu kuma su shiga rahoto tare da namu.